Kujerar Gaba a Motar Sintiri

Duk wanda ya san Kyaftin Miflih a shekarunsa na ƙarshe a aikin ɗan sanda, da abu biyu ya san shi: ɗingishi da zancen kwamfutar mota. Ɗingishin bai dami kowa ba. Zancen kwamfutar kuwa ya kai wa mutane har wuya. In kuka haɗu a wurin ɗaurin aure ka yi kuskuren gaishe shi da laƙabinsa ka ce, Abu Rakan ya aiki, to nemi wurin zama, don shayinka zai huce bai kai rabin bayani ba. Matarsa Nofa takan ce ita da ba ta taɓa shiga motar 'yan sanda ba, ta fi wasu injiniyoyi sanin inda waya take bi a cikinta, duk albarkacin hirar da ake yi mata a kan abinci.

A garinmu aka haife shi, nan kudancin Jodan, bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi daga Aƙaba su nufi Amman. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, sai ya tashi a hannun wan mahaifiyarsa, Kawu Sayil. Shi wannan tsoho ba sarauta gare shi ba, ba kuma dukiya. Tumaki ne 'yan kaɗan da shagon sayar da dusa. Amma Allah ya ba shi wani abu da ba a saye a kasuwa: in ya shiga tsakanin gida biyu da ke rikici, ana jin nauyinsa. Miflih ya girma yana zuba gahawa a zaurensa, yana ganin yadda mutane ke shigowa da jajayen idanu su fita suna musabaha. Da ya isa neman abin yi ya shiga ɗan sanda, aka tura shi sintirin babbar hanya, ya daɗe a can har rana ta mai da fuskarsa kalar tukunya.

A nan ya samu ɗingishin. Wata rana da tsakar rana ya tsayar da wata a-kori-kura da bai yarda da ita ba. Ya kira lambarta ta oba-oba, aka ce ya dakata. A lokacin mutum ɗaya ne ke zaune gaban kwamfuta a hedikwatar lardi, duk motocin sintiri shi suke kira, kowa kuma gani yake nasa ya fi gaggawa. Miflih ya gaji da tsayuwa a rana, ya taka zuwa tagar direban. Mutumin ya murɗa sitiyari ya matse shi da jikin motar sintiri, ya taka wuta ya tsere. Yana kwance a kan kwalta, ƙugu a karye, sai oba-oban da ke kafaɗarsa ta yi magana: motar ta sata ce, a yi hattara da direban. Yakan ba da labarin nan yana dariya, amma masu sauraro ba su cika taya shi ba.

Da ya tashi daga jinya aka mai da shi ofishin kayan aiki da sadarwa. Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba ya shiga makarantar yamma, ya zauna cikin sa'annin 'ya'yansa ba kunya, har ya iya. Shekaru suka ja yana sayen taya da batir da takalma. Sannan aka yi umarni daga sama cewa lardi ya tsara yadda za a sa kwamfuta a motocin sintiri, ta yadda ɗan sanda zai buga lambar mota da hannunsa ya ga amsa kafin ya sa ƙafa a ƙasa. Kanal, shugaban 'yan sandan lardin, bai yi dogon tunani ba ya ɗora Miflih a kan kwamitin. Ritayarsa kuma ta matso, an riga an sa masa ƙarshen shekara mai zuwa. Tun daga ranar ya ƙulla a ransa cewa ba zai tuɓe kakin nan ba sai ya sa hannu a kwangilar da hannunsa. Ba ya ɓoye wa kowa. Yana so ya bar abu ɗaya da za a ce Miflih ne ya yi.

Kamfanoni suka yi ta zarya daga Amman, samari masu kwat da ƙamshin turare, kowa da akwatin alawar nan ta baƙlawa a hannu. Baƙlawar takan ƙare a wurin masu gadin ƙofa. Na'urorin kuwa sun ga ta kansu. Miflih kan kulle su a mota tsakiyar watan Yuli ya tafi sallar azahar. Wata ya dawo ya tarar fuskarta ta yi baƙi ƙirin, wata batirinta ya kumbura kamar gurasa. Ya sa tabarau ya duba ko ana iya karanta rubutu in rana ta dallare gilashi. Ya bi kwari-kwari har rugagen makiyaya yana lura da inda sabis ke ɗaukewa, ya dawo ya kafe a kan cewa dole na'urar ta riƙe sunayen motocin da ake nema a cikinta ko babu sabis. Ya ce kada ta shanye batirin mota in an kashe inji. Ya ce haruffan Larabcin da ke kan madannai kada su zama na manne, don gumin yatsa zai ɓamɓare su. Abokinsa na tun zamanin sintiri, Saje Ayid, wani ƙato mai tumbi da ba ya rabo da tsokana, shi ne direban gwaji, shi ne kuma ya tuttula wa wata na'ura kofin shayi da gangan a gaban wakilin kamfani, ya ce ai gara ta saba tun yanzu.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne inda za a kafa ta. An gwada maƙala ta a gaban direba, ta tare ƙofar iskar sanyi, a hanyar burji kuma ta yi ta rawa har ba a iya karanta komai. 'Yan sintiri suka tsine mata. Sai aka kawo wani turken ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙasan mota, a gindin kujerar gaba ta mai zaman banza. Yana tasowa tsakanin gwiwoyin wanda ya zauna, da hannu mai juyawa wajen direba ko wajen abokinsa. Wannan ko gezau ba ya yi, ko da Ayid ya faɗa rami da gangan. Duk ɗan sandan da ya gwada yakan wara ƙafa, ɗaya nan ɗaya can, ya zauna abinsa. Ayid ya ce kamar hawan jaki ne, amma jaki mai ladabi. Miflih ya ƙara sharaɗi ɗaya: notocin turken su zama irin waɗanda sifanar kasuwa ba ta kama su, don kada wani ya kwance na'urar gwamnati ya yi gaba da ita. Ya ji daɗin kansa ƙwarai da wannan dabara.

Aka shirya mota ɗaya ta gwaji, ta yi watanni tana aiki ba tangarɗa. Aka sa ranar Lahadi kwamiti zai zauna a sa hannu. Ranar Alhamis da ta gabace ta, bayan la'asar, wata tankar ruwa ta take wani saurayi a mararrabar kasuwar dabbobi, ya cika nan take. Direban ɗan wani gida ne, mamacin ɗan wani gidan daban.

Kowa a nan ya san abin da ke biyo baya. Kotu za ta yi nata a lokacinta, amma kwanakin farko jini na tafasa, kuma samarin gidan mamaci ba sa jiran alƙali. Dole wani dattijo ya je ya nemo atwa, wato alkawarin cewa ba za a taɓa gidan wanda ya yi ɓarnar ba har a zauna. 'Yan sanda ne ke kai shi a motarsu, don samari kan tare hanya, kuma motar kanta shaida ce cewa hukuma na bayan maganarsa. A gaba dattijo yake zama. Ba wanda ya rubuta haka a wata doka, ba wanda kuma ya taɓa tambayar dalili. Kujerar baya, wadda ke bayan ragar ƙarfe, ta waɗanda aka kamo ce.

Motocin hedikwata duk sun fita, wasu na wurin haɗarin, wasu sun kewaye gidajen dangin direban. Saura ta gwaji da aka wanke aka ajiye don Lahadi. Kanal ya kira Miflih ya ce ya ɗauke ta ya je ya kawo kawunsa, don an tuntuɓi ɓangarorin kuma Sayil ne kowa ya amince da shi.

Shi da Ayid suka tafi, suka tarar da tsohon a ƙofar gida ya riga ya shirya: farar jallabiya har idon sawu, baƙar alkyabba mai bakin zinariya, sanda a hannu. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko, mata na leƙe ta saman katanga. Miflih ya sumbaci goshinsa, ya zagaya da sauri gwargwadon abin da ƙafarsa ta bari, ya buɗe masa ƙofar gaba. Sai a lokacin ya ga turken. Ya yi watanni yana kallonsa kullum, ya auna tsayinsa da kauri, ya girgiza shi, ya yi mafarkinsa, amma bai taɓa ganinsa da jallabiya a tsaye kusa da shi ba. Duk wanda ya gwada kujerar nan wando ne a jikinsa. Shi kansa da yake tuɓe kaki ya zura jallabiya duk yamma, abin bai taɓa faɗo masa a rai ba.

Kawu Sayil ya dubi kujerar, ya dubi turken. In zai zauna sai ya tattare riga har sama da gwiwa, ya ɗaga ƙafa ya ƙetara ƙarfe a gaban unguwa. Ya gwada zama a karkace da ƙafafu biyu wajen ƙofa, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ayid ya zaro sifana daga bayan mota ya durƙusa yana nishi, ya kai ta kan noti, ta zame. Ya ɗago ya kalli Miflih, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya fasa. Miflih ya ce a jira wata motar. Bai rufe baki ba oba-oba ta sanar cewa an ga samari sun nufi gidan mai da jarkoki.

Tsohon ya miƙe, ya gyara alkyabbarsa, ya kama ƙofar baya ya buɗe da kansa.

"Kawu, wallahi ba za ka shiga nan ba," in ji Miflih.

"To ka yi kaffara in mun dawo. Ayid, ta da mota."

Miflih bai iya zama a gaba ya bar kawunsa a bayan raga ba. Ya zagaya ya shiga ya zauna kusa da shi. Haka suka ratsa gari, kujerar gaba ba kowa sai na'ura, tana ta aikinta ba kuskure, tana nuna musu hanyar da duk suka sani tun suna yara. Kujerar bayan roba ce mai tauri, da warin da sabulu bai taɓa iya fitarwa ba. Mutane na gefen titi suna ɗaga hannu in sun ga motar, sai hannun ya tsaya a sama in sun gane wanda ke baya. Tsohon ya ɗora haɓa a kan sandarsa yana motsa leɓe, yana shirya abin da zai faɗa. Miflih kuwa kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya zo duniya.

Ya so a tsaya nesa kaɗan su ƙarasa da ƙafa, tsohon ya ce babu lokacin wannan. Ayid ya taka burki a daidai bakin rumfar makoki, inda maza suka cika maƙil. Kawu Sayil ya kai hannu ya ja mariƙin ƙofa. Ba ta buɗe ba. Ya sake ja da ƙarfi.

"Ba ta buɗuwa daga ciki, Kawu," Miflih ya faɗa, muryarsa can ƙasa.

Tsohon ya saki mariƙin ya mai da hannu kan cinya. Suka zauna su biyu suna jiran Ayid ya fito da tumbinsa ya zagayo, jama'a na kallonsu ta gilashi, wasu sun ɗaga wayoyi. Da aka buɗe, wani saurayi daga baya ya ce da ƙarfi, ashe an kamo wanda ya yi kisan, wasu suka yi wata irin dariya marar daɗi. Kawu Sayil bai waiwaya ba. Ya shiga rumfa ya yi ta'aziyya, aka miƙo masa gahawa ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba, kamar yadda mai neman alfarma ke yi. An sha fama. Baffan mamacin ya yi ta kumfar baki, har ya ce tun yaushe aka fara aiko musu da masu sulhu a kejin ɓarayi. Mahaifin yaron ne ya tsawata masa, cikin hawaye, ya ce dattijon da ya yarda ya zo a haka don jinin ɗansa ba zai koma hannu banza ba. Kafin kiran magariba ya ce wa tsohon ya sha gahawarsa, alamar an ba da atwa ke nan. Ba a ƙona gidan kowa ba.

Washegari hoton ya gama wayoyin gari: fuskar Sayil a bayan raga. Wasu sun yaba, wasu sun rubuta abin da ba ya maimaituwa. Miflih ya kira injiniyan kamfanin da za a ba kwangilar tun kafin a sauko daga Juma'a. Mutumin ya yi masa bayani a tsanake, kuma gaskiya ya faɗa. A irin motocin nan babu wani wurin kafa turke. In aka ce sai an bar kujerar gaba a sarari, to sai ƙaramar na'ura da wani irin mazauni, wannan kuwa ba shi aka rubuta a sharuɗɗan kwangila ba. Canza sharuɗɗa na nufin a sake tallata kwangilar daga farko, kowane kamfani ya sake kawo kayansa, a sake gwajin zafi, wanda ba ya yiwuwa sai bazara ta zagayo. Ko an yi sauri, ritayar Miflih za ta riga.

Ya yi kwana biyu ba ya gane ɗanɗanon abinci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne in lissafi za a bi, na'urar ce ke da gaskiya. Sau nawa ake ɗaukar dattijon sulhu a shekara? Ba yawa. Sau nawa ɗan sanda ke tsayar da motar da bai sani ba a rana ɗaya? Ba adadi. Ƙugunsa da ke masa ciwo duk sanyi ya isa hujja. Ya faɗa wa Nofa haka yana nanatawa, kamar ita ce ta yi masa gardama. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi tsohuwar da ta ɓata hanya fa, da matar da ta zo kawo ƙara ba ta da abin komawa gida, da makiyayin da maciji ya sara, duk waɗanda ya sha ba ta labarin ya ɗauka a zamanin sintirinsa, a ina yake zaunar da su. Ya ce a gaba. Ta ce to a garin nan in ka cire 'yan sanda da 'yan makaranta, wa ke yawo da wando? Ta kwashe kwanuka ta bar shi a nan.

Ranar Lahadi an jera takardu, wakilan kamfani sun zo da fara'a, har an tanadi mai ɗaukar hoto. Kanal mutum ne mai son a gama abu, kuma yana ƙaunar Miflih tsakani da Allah. Ya riga ya ji labarin Alhamis, ya kuma zo da mafita: a bar mota ɗaya ba na'ura, don irin wannan rana. Miflih ya ce ranar Alhamis ma ai motoci marasa na'ura sun fi yawa, amma da jini ya zuba ba ɗaya a kusa. Ya ce na'urar ba ta da laifi, kamfani ba shi da laifi, abin da aka ce su kawo shi suka kawo. Shi ne ya rubuta sharuɗɗan, ya tuna da rana da rami da ɓarawo, ya manta da mutanen gari. Ya roƙi kwamiti ya sake tallata kwangilar, a ƙara cewa kujerar gaba ta zauna yadda mai doguwar riga zai shiga ya fita da mutuncinsa.

Kanal ya sallami baƙi, ya rufe ƙofa.

"Abu Rakan, kana cikin hankalinka kuwa? Ka hana mu sakat wata da watanni a kan abin nan. Yau ga biro ga takarda. In aka sake, wani ne zai sa hannu, kai kana gida kana rainon jikoki."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Yaran da ke kan hanya kuma su ci gaba da jiran oba-oba. Kai ne fa ka koya mana tsoron wannan."

"Wannan shi ne ya hana ni barci. Amma abin da aka kafa da irin notin nan ba ya fita, ranka ya daɗe. In ya shiga duka motoci, ya shiga ke nan har su tsufa."

Kanal ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ture takardun gefe ya ce Allah ya shirye shi. Miflih ya fito ya zauna a ofishinsa, ya rufe ƙofa. Bai ji wani sanyin zuciya na wanda ya yi daidai ba. Baƙin ciki ya ji, tsantsarsa, da tsoron kada wani abu ya sami wani yaro a hanya kafin sabuwar kwangila ta kammala. Ayid ne ya turo ƙofa da kofi biyu na shayi, ya ce ya zo ta'aziyyar jaki. Miflih ya zage shi, suka sha shayin.

Sauran watanninsa ya ƙare su yana rubuta sababbin sharuɗɗa don wanda zai gaje shi, ya koma sayen taya da takalma. Bai taɓa ta da zancen Alhamis da kawunsa ba, shi ma tsohon bai tayar ba. An yi wata rigimar fili a kaka, aka kira wani dattijon daban. Ko don Sayil ya tsufa ne, ko don hoton ne, ba wanda ya faɗa, Miflih kuma bai da ƙarfin halin tambaya.

Da ritaya ta zo ya yanka raguna aka dafa mansaf, shinkafa da naman da muke yi ranar biki, abokan aiki da dangi suka cika gidan, aka ci aka yi addu'a. Kanal ya yi jawabi ya yabi gaskiyarsa da taurin kansa, bai ambaci kwamfuta ba. Da la'asar jama'a suka watse, Miflih ya ce shi zai mai da kawunsa gida a tsohuwar motarsa. Ya buɗe masa gaba, ya tattara masa gefen alkyabba, ya rufe. Sun ɗan yi tafiya tsohon ya ce ya ji wai ba a sayi abin nan ba.

"Ba a saya ba, Kawu. Sai wata shekarar, in Allah ya kai mu."

"Saboda ni?"

Miflih ya ci gaba da tuƙi, tsohon ya ɗora.

"Kai dai tun kana yaro haka kake. Da ka zo ka tambaye ni, da na ce ka saya. Wahalarka ta shekaru ka zubar a kan kujera? Ni ban ji komai ba ranar nan. Mota ce ta kai ni inda za ni, na yi abin da ya kai ni, na dawo. Kai ne ka ji kunya, ba ni ba."

Maganar ta soki Miflih har ƙashi. Wato duk abin da ya saki, ya sake shi ne a kan ciwon da mai shi ya ce bai ji ba. Ya juyo zai ba da amsa, sai idonsa ya sauka a kan hannun tsohon na dama. Yatsunsa na cikin mariƙin ƙofa, sun kama shi gam har jijiyoyi sun fito. Sai yanzu ya tuna cewa tun kafin su tashi ya ji ƙofar ta buɗe ta sake rufuwa, ya ɗauka gefen riga ne ya maƙale.

"Haka ne, Kawu," in ji shi. Ya rage gudu, ya mai da ido kan titi. Tsohon ya shiga ba shi labarin tsadar dusa da wata tunkiya da ta ƙi shayar da ɗanta, kuma har suka isa ƙofar gida bai cire hannunsa daga mariƙin ba.